Babbar Rigar Surukina da Dokar Filin Golf

Anti Sa'adiya, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimaka da wuri, domin abin da ya tunkaro ni yana da rana, ranar kuwa ta matso. Na san in kin karanta za ki yi dariya. Ki yi abinki, ba zan ji haushi ba, matata ma da ya kamata ta taya ni jimami sai da ta yi dariya har da riƙe ciki. Amma in kin gama ki dube ni da idon rahama, don wallahi kwanan nan ko tuwo ba ya yi mini daɗi.

Ni mutumin Kura ne, a nan aka haife ni, a nan nake zaune da iyalina. Ina aiki da wani kamfanin sarrafa shinkafa da ke Kano, ni ne mai bin ƙauyuka ina saya musu shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba. Aiki ne na zaman mota da zaman benci, ana ciniki ana shan fura, shi ya sa tumbi ya yi mini sallama tun ban shirya karɓar baƙo ba. Bara likita ya ce in zaɓa, ko tafiyar ƙafa ko haddar sunayen magunguna. Sai wani abokin aikina, Lukmanu, ya ja ni wani kulob da ake wasan golf a cikin birni, wasan nan da ake buga 'yar ƙwallo da sanda ana bin ta har ta faɗa rami. Da farko na ɗauka wasan waɗanda suka rasa abin yi ne. Yanzu kuwa duk Asabar da sassafe ina can, tumbin ma ya fara ja da baya. Kamfani ne ya yi mana rajista, kada ki zaci wani attajiri ne ke rubuto miki.

To kulob ɗin yana da doka a kan sutura. Duk wanda zai taka filin wasa sai ya sa riga mai kwala, ya yi zanzaro, ya ɗaura bel, ya sa kambas. In zai sa hula, to irin hana-sallah ce. Ba jamfa, ba kaftani, ballantana babbar riga. A ɗakin cin abinci kowa ya sa abin da ya ga dama, amma fili a'a. Ni kaina ban taɓa ratsa Kura da wannan shigar ba. Ina sa ta ne daga ciki in ɗora kaftani a kai, sai na isa in tuɓe a mota, in an tashi in mayar. Mutumin da ake kira Malam a kasuwar shinkafa ba zai bari a gan shi da riga cikin wando kamar ɗan firamare ba.

Yanzu bari in zo kan surukina, mahaifin matata Ummulkhairi. Ba zan faɗi sunansa ba, don ko a gida bakina bai taɓa furta shi ba, Baba nake cewa. Manomin rani ne a wani ƙauye da ke kusa da Bunkure, tun lokacin da aka fara sako ruwa a kanal, wato babbar magudanar ban ruwa, yake cikin harkar. Ya manyanta amma da ƙarfinsa, kuma mutum ne mai kwarjini, in ya yi gyaran murya a majalisa kowa sai ya gyara zama. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta da, wadda ba a sirka ta da komai ba. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba, shi kuma bai taɓa ganin loma ta shiga bakina ba. Tun daga ƙofar zaure nake cire takalmi, in durƙusa, in zuba wa tabarma ido. Hirarmu ba ta wuce ruwa da taki da abin da tumatir ya yi a kasuwar Kwanar Gafan. Ko a gona na je wurinsa, da ya hango motata zai ciro rigarsa daga reshen da ya rataye ta ya zura kafin in ƙaraso.

Da can duk Asabar nakan kwashi Ummulkhairi da yara mu je mu wuni a gidansa. Tunda golf ya shigo sai zuwan ya koma jefi-jefi, sai da sallah ko in an yi suna. Bai taɓa cewa uffan ba, mutum ne mai kawaici.

Kwanakin baya injinsa na ban ruwa ya lalace, ƙarfen da ake nema kuma sai a Kano. Na ce zan kai shi. Ranar Asabar ce, na haƙura da wasa saboda shi, amma a hanyar dawowa na biya kulob don in karɓi mukullin sito a hannun Lukmanu. Na roƙi Baba ya ɗan jira a mota. Ina dawowa na tarar da mota wayam. Can na hango shi a bakin fili, hannu a baya, yana ƙare wa wurin kallo kamar wanda aka kira ya yi wa gona kuɗi. Abin da ya fara tambaya shi ne dabbobin wa ke cin wannan ciyawa. Da aka ce ba kowa, sai ya kaɗa kai ya ce ikon Allah, ga wuri ya yi kyau da alkama. Daga nan ya tsaya yana kallon wani dattijo mai furfura ya buga ƙwallo ya bi ta a ƙafa. Sai ya juya wurin Lukmanu, ba wurina ba, ya tambaye shi ko a nan ne nake wuni duk Asabar.

Anti, an ce baki shi ke yanka wuya, to bakin Lukmanu ba shi da birki. Ya ja Baba zuwa wani lungu da ake gwaji, ya damƙa masa sanda a hannu. Baba ya naɗe riga a kafaɗa ya kai duka, ya sami iska. Ya sake, ya tono ƙasa. Da ya ƙara sai ƙwallon ta ɗan tashi ta yi gaba, wallahi sai ga Baba yana dariya har ana ganin haƙoransa, abin da ban taɓa gani ba. Ni kam sai na juya ina duban wata bishiya. A nan ne Lukmanu ya ce ai akwai ranar da kowane ɗan kulob ke zuwa da baƙonsa su yi wasa tare, ya ce, "Baba, kai ne babban baƙonmu a ranar, kada ka ba mu kunya." A wurin Lukmanu wannan daɗin baki ne irin na 'yan birni, kafin mu kai bakin titi ya manta ya faɗa. A wurin Baba kuwa an ba shi goron gayyata ke nan, kuma a garinsu in an gayyaci dattijo a matsayin babban baƙo, an san irin shigar da zai yi da irin jama'ar da za ta rako shi.

Ban san abin ya yi nisa ba sai da Fatihu tela ya tare ni a kasuwa yana yi mini murna. Ashe Baba ya kai masa ɗinkin babbar riga da 'yar ciki da wando, na koriyar shadda, wai ya lura komai na wurin kore ne, bai kamata baƙo ya saɓa wa launin masu gida ba. Aikin wuyan kaɗai, in ji Fatihu, ya isa a je ɗaurin auren 'yar gwamna da shi. An sayo sabuwar hula. An kama bas guda da za ta ɗauki abokansa na majalisa, kowa ya kai kayansa wurin mai wanki da guga. An ware buhun shinkafa da kwandon tumatir na shugaban kulob, don Baba ya ce ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Kullum da yamma kuma yana can bakin kanal da ƙotar fartanya da goruba, ya haƙa 'yan ramuka yana gwaji, gorubar da ta bi ruwa ba ta ƙirguwa. Labari ya kai ƙauyukan da ke kewaye cewa surukinsa na Kura zai kai shi wasan manya. In na ratsa ta wajen sai dattawa su riƙa sa mini albarka, ni kuwa kowace albarka sai in ji gabana ya faɗi.

Na je na sami sakataren kulob na kwashe komai na gaya masa. Gaskiya mutumin ya saurare ni da mutunci, ya ce shi ma yana da suruki, ya san zafin abin. Amma ya ce doka doka ce. Ya ce in an bar mutum ɗaya yau, gobe wani zai zo da jallabiya ya ce ai an bar wane. Ya ce kuma babbar riga ba ta tafiya da wannan wasa, hannun riga zai iya harɗe sanda, ko ta kuɓuce ta sami wani, ko ta kayar da dattijon. Ya ce Baba ya zo da rigarsa, za a karɓe shi hannu bibbiyu a wurin zama, amma in zai taka fili sai ya sauya. Na fito ina ji a raina cewa bai faɗi ƙarya ba, amma bai rage mini komai ba.

To wa zai gaya wa Baba? Na gwada da kaina. Na je takanas, na durƙusa, muka gaisa, na ce Baba dama game da zuwan nan ne. Ya ce madalla, ai shiri ya yi nisa, Allah Ya yi mini albarka. Na buɗe baki zan ce akwai maganar sutura, sai na tuna cewa in na fara dole in kai ga kalmar wando, kuma wandon Baba nake nufi, da yadda zai tura riga a cikinsa. Anti, harshena ya ƙi. Sai kawai na ji kaina ina tambayarsa ko ya sami takin da yake nema. Muka yi hirar taki har aka kira la'asar, na yi sallama na taho.

Na ce wa Ummulkhairi ta je ta faɗa masa, ai mahaifinta ne. Ta ce in rufa mata asiri, ita ce 'yar fari, ko sunanta Baba ba ya faɗa, in suka haɗu a tsakar gida kowa kauce wa ɗan'uwansa yake yi, ta yaya za ta tsaya gabansa da zancen bel? Surukata kuwa, wato mahaifiyarta, in ta ji sallamata ɗaki take shigewa, ta labule muke gaisawa, kuma an ce ita ce ma ta zaɓi launin shaddar. Lukmanu ya ce in ba shi lambar Baba ya kira shi ya fayyace masa komai a taƙaice, na hana shi lambar tun kafin ya ƙara jawo mini wata. Mutum ɗaya ce a duniya take gaya wa Baba abin da ta ga dama, wata tsohuwa da ake kira Inna Iyatu, taubashiyarsa ce, 'yar kawunsa. An ce duk yamma sai ta je bakin kanal ta tsaya tana yi masa tsiya, wai tsufa ya zo da gardama, wai ya bar goruba ta huta. Shi kuma ya rama, su yi ta yi mutane na dariya. Amma ina tsoron in na kai mata wannan magana, kafin magariba an ji ta a Madobi.

Ba irin tunanin da ban yi ba. Na yi tunanin in ce an ɗaga taron. Na yi tunanin in kwanta ciwon ƙarya a ranar. Har na yi tunanin in ga direban bas ɗin mu yi magana, motar ta lalace a Garun Malam. Allah Ya gani ban aikata ko ɗaya ba, amma Shaiɗan bai daina kawo mini sababbi ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne wannan hoto: bas ta tsaya, dattawa sun firfito cikin manyan kaya, Baba a gaba cikin koriyar riga yana ƙamshin turare, an sauke shinkafa da tumatir, sai wani ma'aikaci ya matso cikin ladabi ya ce Alhaji a yi haƙuri, ba a shiga da wannan. A gaban abokansa. A gaban mutanen da in ya yi magana ba sa musu. Ba zai ce mini komai ba, na san shi, zai ce ba komai ne ya koma mota. Amma har ya koma ga Allah ba zai manta cewa surukinsa ya san haka za a yi ya ƙyale shi ya zo ba. Ni kuma ban san da wane ido zan ƙara shiga zauren nan ba.

Ga kuma wata. A ce ma ya ji ya yarda ya yi zanzaron, ni ina zan sa idona? Mutumin da ban taɓa ganin kansa ba hula ba, in gan shi da hana-sallah da kambas? Wani lokaci kuma haushin dokar ne ke kama ni. A Kano muke fa, a ƙasarmu, a ce rigar da ake zuwa Idi da ita ba ta isa ta taka ciyawa ba? Sai kuma in tuna ni na kai kaina, ba wanda ya aiko a kira ni. Kaina ya kulle, Anti. Ki gaya mini yadda zan fitar da dattijon nan daga wannan abu da mutuncinsa, ni ma in tsira da nawa.

Naki,
Suruki Mai Nauyin Baki, daga Kura

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana Mai Nauyin Baki. Na yi dariyar, ba zan ɓoye maka ba, musamman a wurin hirar taki. Amma na ga damuwarka, kuma damuwa ce ta ɗan halak. Wanda bai san darajar surukinsa ba, ba zai rasa ɗanɗanon tuwo a kan irin wannan ba.

Mu fara da share shara. Ka bar direban bas ya yi aikinsa, ka bar ciwon ƙarya tun kafin na gaskiya ya ji kira. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma Lukmanun da ka siffanta mini ba zai yi wata guda bai tona ka ba, ba ma da gangan ba. Dattijo zai iya yafe maka nauyin baki. Abin da zai yi masa wuyar haɗiya shi ne ya gane an yi masa dabara irin wadda ake yi wa yaro.

Game da dokar kulob, haushinka yana da tushe, ban raina shi ba. Akwai dokokin da muka gada daga waɗanda suka kawo wasan, ba mu taɓa zama mun tambaya ko sun dace da mu ba. Kai ɗan kulob ne, in an zo taron shekara ka miƙe ka ce a duba, ko za a amince da wata shiga tamu wadda ba ta hana wasa. Wannan hakkinka ne, kuma zan so in ji ka yi. Sai dai ba a kan Baba za a yi wannan shari'ar ba, ba kuma a bakin fili ana kallo ba. Sakataren ya yi maka adalci. Wuri nasu ne, sun faɗi ƙa'idarsu tun kafin kowa ya zo, kuma maganar hannun riga gaskiya ce. Ni ma ba zan so in tsaya kusa da mai wulwula sanda cikin babbar riga ba.

Yanzu ga abin da na ga ka tsallake a cikin wasiƙarka. Ka ce in ka je gona, Baba daga reshe yake ciro rigarsa. Ashe ke nan ya fi ka sanin cewa kowane aiki da kayansa, tun kafin a haife ka yake rataye riga in zai shiga ruwa. Bai ɗinka koriyar shadda don ya jahilci wannan ba, ya ɗinka ta ne don an ce masa babban baƙo, shi kuma ya ɗauki abin biki. Saboda haka saƙon da za a kai masa ba wai an hana babbar riga ba ne. A ce masa abin kashi biyu ne: akwai zuwa da gaisawa da cin abinci, wannan na babbar riga ne, akwai kuma shiga fili, wannan aiki ne, kayan aiki ake sawa. Manomi ba zai ji wannan a matsayin raini ba. Kai ne ma kake jin kunyar zanzaron fiye da kowa, tunda har yau a ƙarƙashin kaftani kake fitar da shi daga gari, sai ka ɗauka kowa haka yake ji.

Mai kai saƙo kuwa kana da ita, tsoronta kawai kake yi. Iyayenmu da suka kafa kunya tsakanin surukai ba su bar gidan ba ƙofa ba, su ne suka kafa wasan taubasai don maganar da ta fi ƙarfin bakin kowa ta sami mai faɗa. Ku shirya kai da Ummulkhairi ku je wurin Inna Iyatu da goro da ɗan turare. Ka gaya mata gaskiya duka, ka ce mutuncin ɗan'uwanta ne ka kawo mata ajiya. Za ta yi maka dariya, ka daure. Amma irin waɗannan tsofaffi sun san bambancin tsiyar bakin kanal da abin da zai kunyata nasu a gaban baƙi. Tsokanar da take yi masa a fili ba ta nufin za ta bari wani bare ya yi masa. Ka roƙe ta ta same shi shi kaɗai, kuma a cikin makon nan, ba ana gobe tafiya ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kafin nan ka koma wurin sakatare da tambayoyi ƙanana. Riga mai kwala mai dogon hannu ta halatta? Wando mai yalwa fa? Dole ne a sa hana-sallah, ko zai iya barin hularsa? Ina tsammanin za ka tarar dokar ta fi yadda kake zato faɗi, kuma Fatihu zai iya fitar da shigar da dattijo zai sa bai ji ya muzanta ba. Ka sanar da sakataren maganar bas da jama'a, don a san inda za a zaunar da su, kada su ma su zama abin mamaki a bakin ƙofa. Ka nemi a haɗa Baba da wani dattijo sa'ansa su yi wasan tare. Lukmanu kuma shi zai ɗauki jakar sanduna daga farko har ƙarshe, wannan ne ladan bakinsa. Batun inda za ka sa idonka kuwa, ai an ce mini a wasan naku ƙasa ake kallo. Ka kalli ƙwallonka kamar yadda ka saba kallon tabarma.

Bayan an gaya masa, zaɓi nasa ne. In ya ga zai sauya kaya ya buga, madalla. In ya ga ya fi son ya zauna a inuwa cikin rigarsa, abokansa na kewaye da shi, ana kawo masa gaisuwa, wannan ma girma ne. Abin da kawai ake gudu shi ne ya ji labarin dokar a bakin baƙo.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ba ka tambaye ni ba. Kana ganin dattijon da ya shekara saba'in ko kusa da haka, goruba ce ta hana shi hutun yamma? Ka ce da can duk Asabar kuna gidansa, yanzu sai da sallah. Ka ce tambayar da ya yi a bakin fili ita ce ko a nan kake wuni. Kunyar da ta hana ka ce masa wando ita ce ta hana shi ce maka ya yi kewar jikokinsa, da kai kanka. Bai iya kiran ka ba, sai ya shirya ya biyo ka inda ka koma. Zumunta a ƙafa take, kuma a wannan karon shi ya riga ka tasowa. Ka raba Asabar ɗin nan, wata ta likita, wata ta Bunkure. Bakin kanal ma wurin tafiyar ƙafa ne.

In kuma duk an yi wannan, ranar ta zo Baba ya sauko daga bas ya ce shi da rigarsa zai shiga, aka ce a yi haƙuri, to kada ka tsaya jayayya da ma'aikaci, kada kuma ka shige ka bar shi. Ka mayar da sandunanka but ɗin mota, ka je ka tsaya a gefensa inda abokansa za su gan ka. In za a mayar da wani daga bakin filin nan, a mayar da mutum biyu.

Allah Ya rufa asiri, Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, Ya bar ku tare.

Anti Sa'adiya